Takwas Masu Araha Ko Biyu Na Ƙwarai: Yadda Mai Tara Bindigogin Tarihi Zai Raba Kuɗinsa

Duk mai sha'awar tara bindigogin tarihi, ba ya nisa sai ya iske hanya ta rabu biyu. Kuɗin da ya ware wa harkar a shekara ƙayyadaddu ne, kuma abu biyu za su iya sayo masa. Ko dai ya kwaso tsofaffin bindigogin soja da gwamnatoci suka sallama daga rumbunansu, shida ko takwas, kowace da tabonta, ko kuwa ya daure ya haɗa kuɗin wuri guda ya sayi ɗaya ko biyu waɗanda har yau suna nan yadda suka baro masana'anta. Masu harkar sun daɗe suna musu a kai, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta yaruwa. Ni ma ina da inda na karkata, zan kuma faɗa. Amma bari a fara cire kuɗin da ba na bindiga ba, domin a nan lissafin yawancin sababbin shiga yake wargajewa.

Doka ce gaba. Ba a zancen tara bindigogi sai inda hukuma ta yarda, kuma da lasisi a hannu. A ƙasashe da dama ba a ba farar hula damar mallakar bindigar soja ko da ta shekara ɗari, to a irin nan magana ta ƙare, sai kallo a gidan tarihi, ko kuma waɗanda aka kashe ta yadda ba za su ƙara harbi ba, in su ɗin ma an halatta. Inda aka yarda kuwa, doka ce ke yi maka kasafi tun kafin ka ɗauki alƙalami. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, wadda ta cika shekara 50 kuma tana shiga rukunin da masu tarawa ke da lasisinsu na daban. A Birtaniya ƙa'idar 2021 ta sa iyaka a ranar 1 ga Satumba 1939, kuma galibi sai harsashin bindigar yana cikin jerin waɗanda aka daina yi. A Jamus akwai jan kati na masu tarawa, ba a kuma bayar da shi sai mutum ya bayyana takamaiman fannin da zai tara, ya gamsar da hukuma cewa tarin yana da ƙimar tarihi. Wannan sharaɗi na Jamusawa, ko ƙasarka ba ta ɗora maka shi ba, ya kamata ka ɗora wa kanka.

Sai wurin ajiya. Sef na ƙarfe mai kauri, wanda aka kafe da bango ko da ƙasa, shi ne sayayya ta farko. Adadin da masu ƙera sef ke rubutawa a jiki kada ka yarda da shi, don da siraran bindigogi suke ƙirgawa. Tsohuwar bindigar soja doguwa ce, hannun sakatarta, wato ƙarfen da ake ja a ɗura harsashi, a waje yake, sef ɗin da aka ce na goma sha biyu da ƙyar zai ɗauki takwas ba tare da suna gogar juna ba. Danshin cikinsa a riƙe shi wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari: ya haura, ƙarfe ya yi tsatsa, ya yi ƙasa sosai, katako ya tsage. Harsashi kuma a kulle shi daban. Ga inshora, wadda ta gida ba kasafai take ɗaukar cikakkiyar ƙimar irin wannan kaya ba, ga littattafan bincike, ga ladan maƙeri da zai duba kowace kafin a harba ta. Duk wannan kafin a sayi komai.

Hanyar yawa

Abin da ya sa wannan hanya take da araha ba wani asiri ba ne, yawan da aka ƙera ne. Mosin-Nagant ta Rasha, wadda aka fara ba sojoji a 1891, an yi wajen miliyan 37. Karabiner 98k ta Jamus, wato K98k ƙirar Mauser, daga 1935 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ta haura miliyan 14. Lee-Enfield an ƙera ta a Ingila da Ostireliya da Indiya da Kanada da Amurka. Da aka gama yaƙi, sojoji suka koma kan bindigogi masu sarrafa kansu, waɗannan aka shafe su da giris aka jibge a rumbuna, daga bisani aka sayar wa 'yan kasuwa da yawa-yawa.

Babban amfaninta karatu ne. Wanda ya riƙe Mosin da Mauser da Enfield da K31 ta Switzaland a hannunsa, ya ja sakatar kowace, ya fahimci abin da littafi ba zai koya masa ba: yadda sakatar Enfield ke gudu ba turjiya, yadda ta Mosin ke neman ƙarfin hannu, yadda ta K31 ake janta a miƙe ba juyawa. Ido yana koyon bambance tsatsar da ke sama da wadda ta ci rami, da rinin masana'anta da na gyara. Kuskure a nan ba ya karya mutum. In ka sayi wadda aka yi wa kwaskwarima ba ka gane ba, asarar kaɗan ce, darasin kuwa ya zauna. Sannan waɗannan bindigogi ne da za ka kai filin harbi ba tare da gabanka yana faɗuwa ba, domin sabon ƙarce a jikin wadda ta riga ta ga yaƙi ba ya rage mata komai. In ka tashi sayarwa kuma mai saye ba ya wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kowace da ka shigo da ita ka ƙara baki ne a gida. Tana da gurbinta a sef, da kasonta a inshora, da ranar da za a fito da ita a goge, a wasu ƙasashen ma da kuɗin rajistarta. Ga kuma harsashi, wanda shi ne ramin da ba a gani. Bindiga takwas daga ƙasa takwas, harsashi iri takwas ke nan. Na Mosin, wato 7.62x54R, yana samuwa don har yau sojoji na amfani da shi. Amma Carcano ta Italiya mai cin 6.5x52, da Arisaka ta Japan mai cin 7.7x58, da Steyr M95 mai cin 8x56R, da MAS-36 ta Faransa mai cin 7.5x54, za ka iya samun bindigar da sauƙi, harsashin ya gagare ka. Mutum ya yi murnar ya tsinci dami a kala, shekara ta zagayo bai harba ta sau goma ba. Ko wanda ke samuwa ma ba shi da tabbas, tunda a 2021 Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, kasuwar can ta girgiza.

Akwai kuma batun abin da ake sayar maka a matsayin tarihi. Galibin Mosin da ke kasuwa an sake gyara su a masana'antun Tarayyar Sobiyat bayan yaƙi, aka haɗa sassan wannan da na waccan, aka soke tsohuwar lamba aka buga sabuwa don su dace. Haka K98k da Rashawa suka ƙwace: an wargaza su, an sake rina su, an harhaɗa ba a kula da wace sakata ce ta wace bindiga ba. Ba jabu ba ne, wannan ma babi ne na tarihinsu. Sai dai ƙimarsu tana da rufi, ba za su taɓa kamo wadda lambobinta suka dace tun asali ba. Tsohon harsashin soja kuma da yawansa yana barin gishiri a cikin bututu bayan harbi, wanda in ba a wanke da ruwa ba yake jawo danshi ya cinye ciki. Shi ya sa za ka ga bindiga fes a waje, ka leƙa bututunta ka tarar da duhu. K31 ta sha bamban a nan, domin harsashinta na GP11 ba ya barin wannan gishiri, don haka ko da ƙotarta ta sha duka, cikinta yakan zama kamar sabo. Wani lokaci har akan tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙarfen gindinta ɗauke da sunan sojan da aka ba ita.

Kada a manta kuma, arahar da ake ba da labari ta wuce. Rumbunan sun kusa ƙarewa, ba a ƙera sababbi, farashin Mosin da a da ake yi wa kallon kayan banza ya ninka ba sau ɗaya ba. Wanda ya shigo yau yana lissafi da farashin shekara ashirin baya zai sha mamaki.

Hanyar kaɗan na ƙwarai

A wannan ɓangare abu uku ake biya: asali, yanayi, da shaida. Asali shi ne kowane sashe na bindigar nata ne tun daga masana'anta. A Luger P08, ƙaramar bindigar da sojan Jamus ya karɓa a 1908, hatta ƙananan sassa suna ɗauke da ƙarshen lambar bindigar, wani lokaci har gidan harsashinta, kuma sashe ɗaya da bai dace ba yana zaftare kuɗi mai yawa. Yanayi shi ne nawa ne ya rage na rinin farko a jikin ƙarfe da katako. Nan ne sabon shiga yake yi wa kansa ɓarna da kyakkyawar niyya: ya sayo tsohuwa, ya bi katakon da samfefa, ya kai a sake rina ƙarfen, ta fito tana ƙyalli, masu harkar su kau da kai. Tsufan da ya goge shi ne abin da ake saye. Mai kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, wasu kuma suna shafa kakin Renaissance, wanda aka samar a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya.

Shaida kuwa takarda ce. Kamfanin Colt yana ba da wasiƙa daga kundinsa mai nuna ranar da bindiga ta fita da inda aka aika ta da yadda take a lokacin. Kundin Winchester yana gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wayomin, su ma suna bayarwa. Ana biyan kuɗi, amma in za ka zuba rabin kasafin shekara a kan abu guda, wannan wasiƙa ta fi komai araha. Labarin baki, irin su "kakana ne ya ƙwato ta a fagen yaƙi", kada ka biya masa ko sisi in babu takarda.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Bindiga biyu ba sa cika sef, ba sa cin lokaci, kuma masu kyau na asali su ne suka fi riƙe darajarsu, don kullum raguwa suke yi. Dalilin tsadar ma yakan kasance abin da za ka iya nunawa da yatsa. Winchester Model 70 da aka ƙera kafin 1964 ta fi ta bayanta daraja saboda a shekarar kamfanin ya sauya ƙirar sakata don rage kuɗin aiki. M1911A1, ƙaramar bindigar sojan Amurka, wadda kamfanin keken ɗinki na Singer ya yi guda 500 ne kacal, shi ya sa ta zama abin da yawancin masu tarawa sai dai su gani a hoto.

Amma inda kuɗi suka taru, nan masu jabu suke taruwa, kuma wannan ne ya sa ba na ba sabon shiga shawarar ya fara daga nan. Babu mai ɓata lokacinsa yana buga hatimin ƙarya a kan bindiga mai araha. K98k kuwa ana buga mata hatimin mikiya da lambobin da suka dace har sai gwani ya sa tabarau. Lee-Enfield No. 5, gajeriyar da ake kira ta daji, an yi ta ne daga 1944 zuwa 1947, amma 'yan kasuwa sun yanke No. 4 da yawa sun mayar da su kamarta. Ta gaskiya tana da wuraren da aka rarake ƙarfe don rage nauyi, a ƙarƙashin katako. Bindigogin maharba na nesa sun fi kowa shan wannan, tunda haɗa tabarau na hango nesa da bindigar da ba tasa ba abu ne mai sauƙi. Arisaka wadda tambarin furen sarkin Japan yake nan daram ta fi wadda aka kankare bayan miƙa wuya a 1945, to shi ma tambarin an san ana sake sassaƙa shi. Wanda bai riƙe ɗari na gaskiya ba, ya sayi irin waɗannan daga hoto, cinikin biri a sama ya yi.

Sai la'ada. Gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye kaso a kan farashin da aka buga guduma, sau da yawa tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari, sannan ga jigila da haraji, kuma ranar da ka dawo sayarwa za su cire nasu daga gare ka. Wato sai abu ya tashi sosai kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Duk mai ce maka tarin bindiga jari ne, ka tambaye shi ko ya cire wannan. Ga kuma haɗarin doka, wanda ya fi ciwo ga wanda ya tara kuɗinsa wuri guda. Bayan kisan yara da bindiga a makarantar Dunblane a 1996, Birtaniya ta haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997, masu su suka miƙa aka biya su diyya. Kanada ta dakatar da saye da sayar da ƙananan bindigogi a Oktoban 2022, waɗanda ke da su suka wayi gari kasuwar cikin gida ta rufe. Ko ƙa'idar Birtaniya ta 2021 ɗin nan ta cire wasu harsasai daga jerin tsofaffi, abin da jiya kayan tarihi ne yau sai da lasisi. Doguwar bindiga mai sakata ba ta cika shiga wannan tarko ba kamar fistol da libarba, kuma wannan abin dubawa ne wajen zaɓen fanni.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: mai tsada sau da yawa ba ta harbuwa. Ba don ta lalace ba, don karyewar sashe ɗaya mai lamba ya isa ya cinye ribar shekaru. Wasu ma haɗari ne. Springfield M1903 ta sojan Amurka da lambarta ke ƙasa da 800,000 an daɗe ana gargaɗin kada a harba su saboda matsalar gasa ƙarfe a farkon ƙira. Tsofaffin bindigogin farauta masu baki biyu na Ingila da yawansu an yi su ne don gajeren harsashi mai inci biyu da rabi, wasu kuma bututunsu na naɗaɗɗen ƙarfe ne da ba a yi shi don albarushin zamani ba. In kai mai son jin ƙarar abinka ne, ka san wannan tun kafin ka biya.

To wace za a bi?

Ni abin da nake gani, a shekarar farko a bi hanyar yawa amma da linzami: biyu ko uku, kuma dukansu daga fanni guda, masu cin harsashi iri ɗaya. Daga nan a juya zuwa inganci. Kuma in kuɗi za su iya sayen ɗaya cikin biyu, mafi kyawun samfuri na bindigar da ke da yawa ko kuwa ragargajajjen samfuri na wadda ba a cika samu ba, na fi son na farko. Mai kyau kullum tana da mai nema, ragargajajjiya kuwa sai wanda ke son cike gurbi, shi ma da raini zai taya. Wadda aka yanke wa ƙota aka mayar ta farauta, kamar yadda aka yi wa dubbai bayan yaƙi, a bar ta inda take, sai in don harbi kawai ake so. Neman sassan da za a mayar da ita asali yakan fi kuɗin sayen cikakkiya.

Mutum biyu ne wannan shawara ba ta hau kansu ba. Wanda burinsa harbi ne, gara ya zauna kan waɗanda aka gyara a rumbun soja, ya duba cikin bututu ya manta da lambobi, rarar kuɗin ta tafi ga harsashi da kuɗin filin harbi. Sai wanda fanninsa kansa na bambance-bambance ne, kamar mai bin Mosin ɗin da Finlan ta sake ƙerawa har zuwa M39, ko mai tara K98k bisa lambobin sirrin masana'antu, byf na Mauser da ke Oberndorf, bnz na Steyr, dot na Brno. A wurinsa yawan shi ne zurfin.

Rabon kuɗin shekarar farko, a ra'ayina, kamar haka: wajen kashi 30 cikin ɗari ga sef da lasisi da inshora, kashi 10 ga littattafai da ziyarar inda za ka ga na gaskiya da idonka, irin gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds a Ingila ko tsohuwar masana'antar Springfield a Masachusets, kashi 10 ga maƙeri da la'ada da jigila, rabin da ya rage ga bindigogi. Ko a rabin nan kada a kashe duka. A bar sulusi a gefe, domin abin da ka daɗe kana nema ba ya fitowa ranar da ka shirya, kuma mai kuɗi a hannu ne ke ɗauka. Daga shekara ta biyu kason sef ya faɗi, sai ya koma kan saye. Bashi kuwa ba shi da wuri a wannan harka. A buɗe littafi tun ranar farko, a rubuta lambar kowace da ranar saye da abin da aka biya da hotunanta, a ajiye kwafi a wajen sef. Inshora za ta nema, hukuma za ta iya nema, magada kuma da shi za su san abin da ke hannunsu da hanyar da doka ta yarda su bi da shi.

Ga yadda abin zai kasance ga wanda ya zaɓi Lee-Enfield, misali. Ya fara da No. 4 Mk I, wadda aka karɓa a hukumance a 1941, ta gama-gari mai lafiyayyen bututu, ita ce ta harbi da koyo. Ta biyu SMLE Mk III*, samfurin da aka sauƙaƙe lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ya ga abin da aka cire daga ƙirar 1907 da dalilin cirewa. Duka .303 suke ci. Bayan nan ya dakata da saye, ya tara kuɗin shekara guda a kan ɗaya mai lambobi daidai da rinin asali, ta masana'antar Lithgow a Ostireliya ko ta Long Branch a Kanada ko ta kamfanin Savage mai tambarin mallakar gwamnatin Amurka. No. 5 sai ya iya cire katako ya gane raraken ƙarfe da kansa. Ita kuwa No. 4 (T) ta maharba, wadda kamfanin Holland & Holland ya riƙa gyarawa lokacin yaƙi, a bar ta ƙarshe, kuma ko a lokacin a je da wanda ya fi ka sani ya duba lambar tabarau da wadda aka buga a wuyan ƙota kafin kuɗi su fita.